Tashi ƙarfe huɗu da kiredit biyar: daga ina za a yanko awa biyun?

Asabar ɗin da ta wuce yayata ta tura ni taron PTA na makarantar 'yarta can wajen Bauchi Road a Jos, don mijinta ya yi tafiya ita kuma ba ta jin daɗi. Niyyata in sa hannu a rajista in zauna a baya in sulale, sai ga ni har azahar ana ta cacar baki. Abin da ya tada ƙurar, firinsifal ne ya ce daga zango mai zuwa 'yan SS2 da SS3 sun daina tashi ƙarfe biyu sai ƙarfe huɗu, kuma duk yaron da ya faɗi jarabawar gwaji ta makaranta, wato mok, ba za a yi masa rajistar WAEC da sunan makarantar ba. Nan take iyaye suka rabu. Wasu na cewa madalla, ai gara yaro yana aji da a ce yana bakin titi yana latsa waya. Wani dattijo mai sayar da kayan miya a Farin Gada ya miƙe ya tambaya yaushe kenan ɗansa zai je Islamiyya, wata mata kuma ta tambayi wa zai ciyar da yaran tsakanin takwas na safe da huɗu na yamma. Firinsifal dai amsarsa ɗaya ce, rizol ɗin bara bai yi kyau ba, dole a yi wani abu.

Tun a wurin na lura abu biyu ake ta cakuɗawa kamar ɗaya ne. Akwai tsawon ranar makaranta, akwai kuma sharaɗin da yaro zai cika kafin a ce ya gama sakandare. A wasu ƙasashe abu biyun nan a ɗaure suke da igiya ɗaya, ka ja wannan wancan ya biyo. A nan wurinmu ba haka ba ne, kuma rashin gane hakan ne ke sa mu kwaso maganin ciwon wasu mu sha.

Ku duba Amurka, inda aka fi yin wannan muhawara. Su a can ba wata jarabawar ƙasa guda ɗaya da ke yanke hukunci kamar WAEC. Kowace jiha ita ke faɗin adadin kiredit da yaro zai tara a shekara huɗu na babbar sakandare kafin a ba shi difloma. Amma a yi hankali da kalmar nan, don kiredit ɗinsu ba irin namu ba ne. Namu maki ne, C6 zuwa sama. Nasu lokaci ne. Tun 1906 gidauniyar Carnegie ta fito da ma'aunin da ya ce darasi ɗaya da aka zauna aka koya na awa 120 a shekara shi ne kiredit ɗaya, kuma abin dariyar ma asalinsa ba don yara aka yi ba, wajen tsara fansho na malaman jami'a ne aka buƙaci a san wace makaranta ce ta cancanci a kira ta kwaleji, sai ma'aunin ya zauna daram har yau. To ka ga idan kiredit lokaci ne, duk sanda gwamnati ta ƙara yawan kiredit ta ƙara awa kenan ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Jihar Washington misali ta ɗaga sharaɗinta zuwa kiredit 24 daga 'yan ajin da suka fita a 2019. Yi lissafi: makarantar da ke yin darasi shida a rana, shekara huɗu, shida sau huɗu 24 cif. Ma'ana yaro ya faɗi darasi ɗaya tak ba shi da gurbin da zai maimaita, sai dai makaranta ta ƙara darasi na bakwai ko ta sake yanka ranar. Daga nan maganar tsawaita rana ke fitowa a can, lissafi ne ya tilasta ta.

Tushen abin kuma tsoho ne. A 1983 wani rahoton gwamnatin tarayyarsu da ya tada hankalin ƙasar a zamanin Ronald Reagan ya ba da shawarar a riƙa yin awa bakwai a rana, a kai shekarar karatu kwana 200 zuwa 220, a kuma wajabta shekara huɗu na Turanci, uku na lissafi, uku na kimiyya. Jihohi da yawa sun ɗauki ɓangaren ƙara darussan dole don wannan ba ya cin kuɗi sosai, alƙalami ne kawai. Ɓangaren ƙara kwanaki kuwa, wanda sai an biya malamai, har yanzu yawancinsu suna nan a kwana 180 ɗinsu. Wannan halin na gwamnati ko'ina ɗaya ne, sharaɗi a kan yaro arha ne, awa a kan baitulmali tsada.

Mu dawo gida. A Najeriya in ka gama SS3 makaranta za ta ba ka testimoniyal, a yi bikin yaye ɗalibai, a sa riga da hula a ɗauki hoto, amma kowa ya san wannan takardar ba ta kai ka ko'ina. Abin da ake kira gama sakandare a aikace shi ne rizol ɗin WAEC, hukumar da aka kafa tun 1952, ko NECO da aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna, ko NABTEB ta 'yan fasaha da ke Benin, ko NBAIS ga 'yan makarantun Arabiyya. Yaro zai zauna darasi takwas ko tara, maki daga A1 zuwa F9, kuma abin da duniya ke tambaya shi ne kiredit biyar har da Turanci da lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Ba wanda zai tambaye ka awa nawa ka zauna a aji. Wanda ya yi shekara uku bai taɓa fashi ba da wanda ya zo wata biyu kafin jarabawa aka cusa sunansa, in makinsu ɗaya takardarsu ɗaya. Akwai makin aikin aji da makaranta ke turawa wanda ake haɗawa da na jarabawa, amma duk wanda ya taɓa koyarwa ya san yadda ake cika wannan fom ɗin a wurare da dama, bari dai in yi shiru.

Saboda haka a nan ƙarin awa ba ya cika wani sharaɗi na doka. Caca ce kawai, ana fatan in yaro ya ƙara zama zai ƙara maki. Kuma tunda abin da ake farauta makin WAEC ne, awa biyun da aka ƙara kusan kullum a kan tsofaffin tambayoyi suke ƙarewa, malam ya buɗe littafin fas kwescin ya ce 2018 lamba ta 14 amsa C ce, yara su rubuta.

Shi kansa sharaɗin bai tsaya wuri ɗaya ba. Manhajar da NERDC, hukumar tsara manhajar makarantu, ta fara aiki da ita a 2011 ta wajabta ilimin zama ɗan ƙasa da kuma darasin sana'a ɗaya daga cikin guda 34, aka fara jarabawarsu a 2014. A takarda abin gwanin sha'awa, akwai walda, akwai ɗinki, akwai gyaran waya, akwai kiwon kifi. A ƙasa kuwa makarantar da ba ta da injin walda ko keken ɗinki sai ta zaɓar wa duk yaranta sana'ar da za a iya koyarwa da alli da allo kawai, yaro ya ci A1 a kiwon dabbobi bai taɓa riƙe igiyar akuya ba, alhali ga abokinsa da ke zuwa garejin Dilimi da yamma ya iya kwance injin mota amma ba wanda ya ba shi maki ko ɗaya a kai. A 2024 ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce sai yaro ya kai shekara 18 zai zauna waɗannan jarabawoyi, iyaye suka yi ca, kafin shekarar ta ƙare wanda ya gaje shi, Tunji Alausa, ya mayar da shekarun shiga jami'a 16. Farkon 2025 aka taso da maganar a soke rabon ƙaramar sakandare da babba a yi shekara 12 a miƙe, daga baya aka ce shawara ce kawai. Watan Satumba na 2025 aka sanar da sabuwar manhaja, aka rage darussan sana'a zuwa shida, ciki har da haɗa sola da gyaran waya da kwamfuta da ɗinki. Watan Oktoba kuma aka ce ɗan ajin ats ba lallai sai da kiredit a lissafi zai samu jami'a ba, duk da dai zai zauna jarabawar. Duk waɗannan sauye-sauyen na 2024 da 2025 fa a tsawon lokacin da yaro ɗaya zai tashi daga SS1 ya kai SS3. Ni ban ce duk sauye-sauyen ba su da kyau ba, rage lodin darussa abu ne da aka daɗe ana roƙo. Amma firinsifal ɗin da kowace shekara ake canja masa wurin da aka kafa raga, ba abin mamaki ba ne ya ce to kowa ya zauna har huɗu, don wannan ne kaɗai abin da ke hannunsa.

To mu zo kan awannin da muke da su yanzu, don a nan ne ni hankalina ya fi tsayawa. Ranar makaranta da aka saba, takwas zuwa biyu, darasi takwas na minti 40 da burek a tsakiya. A lissafin takarda ya haura awa biyar na karatu. Yanzu fara cirewa. Asambuli ya ci rabin darasin farko, musamman ranar Litinin da firinsifal ke da dogon jawabi. Lokacin hunturu a Jos, Disamba zuwa Janairu, wa ya isa ya ce yara sun cika aji ƙarfe takwas? Sanyin garin nan kowa ya san shi, rabin aji sai tara saura suke shigowa hannu a hammata. Malam ɗaya ke ɗaukar lissafi daga SS1 zuwa SS3, ranar da ya je banki ko ma'aikata bin takardar ƙarin girma shikenan azuzuwa shida sun zauna haka, monita na rubuta sunan masu surutu. Wata malama ta shigo ta ba yarinya mai kyan rubutu littafinta ta kwafe not a allo ita ta koma ofis. Juma'a kuwa rabin rana ce. Sai kuma ka dubi zangon gaba ɗaya, kusan sati 13 ne, satin farko shara da yankan ciyawa da jiran yara su dawo, satin tsakiya hutun rabin zango, ga shirin gasar wasanni ta gidaje da ke cin kwanaki, sati biyu kafin na ƙarshe bita da jarabawa, na ƙarshe kuma yara na zuwa ne kawai su yi wasa malamai na haɗa maki. Ban ma sa yajin aiki ba, ban sa ranakun da aka rufe makarantu don an sa dokar hana fita ba, abin da mu mutanen Jos mun san shi tun 2001.

Idan tulu na yoyo ta gindi, ƙara masa guga biyu ba zai cika shi ba. Abin da na so wani ya tambayi firinsifal, kuma ni ma ban tambaya ba don ni ɗan aike ne, shi ne a cikin darasi takwas na Alhamis ɗin da ta wuce guda nawa malam ya shiga ya yi minti 40 ɗinsa cif. Makarantar da za ta iya amsa wannan da takarda a hannu ita ce ta cancanci ta nemi ƙarin awa.

Sai tambayar dattijon Farin Gada, wadda wasu suka yi wa dariya amma ita ce zuciyar maganar. Awa biyun nan ba daga sama za su faɗo ba, daga wani wuri za a yanko su. Yammacin yaro a Jos ba fanko ba ne. A Unguwar Rogo, Rikkos, Gangare, Nasarawa, ƙarfe huɗu bayan la'asar Islamiyya ce har kusan magariba, kuma garin nan ba wasa yake da ita ba, nan ne fa aka kafa Izala a 1978, ga na ɗariƙu su ma da nasu makarantun a kowane lungu. Yaron da ya tashi boko ƙarfe huɗu, kafin ya samu keke ya iso gida ya cire yunifom ya ci abinci biyar ta wuce, Islamiyya ta tafi. Wanda ya zo hadda ko yana shirin sauka, an ce masa ya zaɓa kenan. 'Ya'yan maƙwabtanmu Kirista su ma suna da nasu, koyon waƙar coci da tarukan matasa na yamma. Ga waɗanda ke zuwa shago, Katako wajen katako da gwanjo, Terminus, Dilimi, wasu koyon sana'a suke yi, wasu kuma da abin da suka samo da yamman ake biyan kuɗin makarantar da safe. Ka hana shi yamma ka hana shi safiyar ma. 'Yan mata kuwa ɗebo ruwa da girkin dare na jiransu ko sun dawo biyu ko sun dawo biyar, aikin ba ya raguwa, barcinsu ne zai ragu.

Ga ciki. Yaron da ya sha koko ƙarfe bakwai, wani ma bai sha ba, ya ci ɗan abin naira kaɗan a burek, me zai shiga kansa ƙarfe uku? Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya da aka yi a baya 'yan firamare ƙanana ya shafa, bai taɓa zuwa kan ɗan SS3 ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin keke ya tashi, iyaye da yawa sun rage kuɗin tara don su cike na mota, wasu yaran ma a ƙasa suke takowa. Ga damina, ruwan Jos ya fi son yamma, wani lokaci har da ƙanƙara. Ga banɗaki, wanda ba a son a faɗa a taro amma duk uwa ta san 'yarta na riƙe fitsari har ta dawo gida saboda halin da na makaranta yake ciki, awa shida ma da ƙyar balle takwas. Ga kuma abin da ba a faɗa da ƙarfi, iyaye a garin nan suna son ɗansu ya tsallako wasu unguwanni ya shigo tasu tun rana na sama. Wanda bai zauna Jos ba zai ɗauka tsoro ne kawai.

Malamai fa? A taron ba wanda ya tambaye su, suna zaune a gefe suna kallon ƙasa. Malamin makarantar kuɗi da albashinsa bai kai mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 ba, da lesin ɗin gida-gida na yamma yake cike giɓi. In ka riƙe shi har huɗu ko dai ka biya shi ko ya zauna a aji jikinsa kawai. Kuma in za a biya shi, daga aljihun iyaye ne, shi ya sa a yawancin makarantu ƙarin awa sunansa na gaskiya kuɗin lesin, an dai sa masa rigar tsari ne. Lesin ɗin da a da ganin dama ne yanzu ya zama dole.

Waɗanda suka gwada abin da gaske a duniya sun nuna cewa ba a yinsa da baki. Birnin Chicago a 2012, magajin gari Rahm Emanuel ya tsawaita ranar 'yan firamare daga awa biyar da minti 45 zuwa awa bakwai, sakandare ta koma bakwai da rabi. Sai da aka amince za a ɗauki ƙarin malamai ɗaruruwa, kuma duk da haka a watan Satumba na shekarar malamai suka tafi yajin aiki na kwana bakwai na karatu. Chile ta fara nata a 1997, ta tashi daga karatun rabin rana zuwa cikakkiyar rana, amma sai da ta shafe shekaru tana gina azuzuwa domin a da safe wasu yara ne da yamma wasu a aji ɗaya. Da masu bincike suka zo aunawa, makin jarabawa ya ɗan ɗaga ne kawai, ba kamar yadda aka zata ba, amma an ga raguwar cikin 'yan mata masu ƙananan shekaru, wanda ke nuna wani lokaci amfanin ƙarin awa ba a maki yake fitowa ba, tsare yaro ne. Jamus kuma ta matse sakandarenta daga shekara tara zuwa takwas, ranaku suka yi tsawo, iyaye suka yi ta kuka yara ba su da lokacin komai, jihohi da dama irin su Bavaria suka koma tara. Koriya ta Kudu da ake yi mana misali da ita, a birnin Seoul sai da hukuma ta sa dokar rufe gidajen lesin ƙarfe goma na dare. California ma ta bi ta wata hanyar daban, daga 2022 ta hana manyan sakandare fara karatu kafin takwas da rabi don yara su samu barci. Nan kusa da mu Kaduna, zamanin El-Rufai, an koma aikin kwana huɗu a mako a ƙarshen 2021 har abin ya shafi makarantun gwamnati. Kowa dai yana ja da bargon nan ne, ka rufe kai ƙafa ta fito.

Kada a ce na ƙi abin gaba ɗaya. Akwai inda ƙarin awa ke aiki kuma na gani da idona. Makarantun kwana suna da firef, wato zaman bitar karatu, na yamma da na dare, kuma wannan na cikin dalilan da 'yan kwana ke yawan fin 'yan jeka-ka-dawo, sai dai su an ba su abinci, gadonsu na nan kusa, ba keke ba ruwan sama. Yaron da gidansu ɗaki biyu ne mutum tara, ba wuta, ƙanne na ihu, awa ɗaya a aji shiru yana aikin gida da malami a kusa ya fi masa komai. Furaktikal na kemistiri da fiziks ba ya yiwuwa a minti 40, kafin a raba kwalabe an buga ƙararrawa, wasu yaran ranar jarabawar WAEC suke fara taɓa kayan awon. In awa biyun nan za a ba ɗakin gwaji ne, ko a zaunar da yara goma da lissafi ya gagara a koma da su tun daga tushe, kwana biyu a mako ba kullum ba, ni zan fara sa hannu. Amma a tara yara saba'in a aji ɗaya da malamin da ya gaji tun sha biyu a maimaita abin safe da murya ƙasa-ƙasa, wannan tsare ne ba karatu ba.

Ɓangare na biyu na sanarwar, na mok, shi ya fi ba ni haushi kuma shi ne iyaye suka fi yin shiru a kai, wataƙila don kowa na ganin ba ɗansa ba ne zai faɗi. A fuska abin kamar tsauri ne mai kyau, ba ma tura yaron da bai shirya ba. Amma duba wa yake amfana. Makaranta ta cire yara ashirin mafi rauni, sauran suka zauna, sai a buga bana a bakin get cewa kashi kaza sun ci. Makin makaranta ya tashi ba tare da an koyar da kowa komai ba. Su ashirin ɗin ina suka tafi? Wanda iyayensa ke da hali a kai shi irin santocin nan na bayan gari da ake kira mirakul, a biya kuɗi mai kauri a rubuta masa amsa a allo. Wanda ba shi da hali ya jira ta masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, ko ya maimaita aji, ko in mace ce a ce to ai shikenan a yi mata aure. Makarantar da ta karɓi kuɗin yaro shekara shida sannan a wata na ƙarshe ta gano bai iya ba, ita ya kamata a tambaya. A Amurkan ma an yi wannan gardamar shekara da shekaru, har a watan Nuwamba na 2024 mutanen jihar Massachusetts, wadda makarantunta ke sahun gaba a ƙasar, suka kaɗa ƙuri'a aka cire cin jarabawar jiha daga sharuɗɗan samun difloma.

Kuma ita ma jarabawar da muke gina duk wannan a kanta ba tsayayyen ma'auni ba ce. A 2024 WAEC ta ce kashi 72.12 cikin ɗari sun samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. A 2025 ta fara sanar da kashi 38.32, ƙasa ta ɗauki zafi, bayan 'yan kwanaki ta ce an samu kuskure wajen maki ta gyara zuwa 62.96. Shekarar ce kuma aka ga yara a jihohi da dama suna rubuta takardar Turanci da dare da tocila saboda takardu ba su iso da wuri ba. Yanzu kuma ana maganar mayar da jarabawar kan kwamfuta, a makarantun da wasunsu soket ɗaya ne ke aiki, a ofishin firinsifal. To rizol ɗin bara da bai yi kyau ba, nawa ne laifin tashi ƙarfe biyu a ciki?

Taron dai bai ƙare da matsaya ba. Aka kafa kwamiti na mutum bakwai, iyaye huɗu malamai uku, su kawo rahoto kafin hutu. Dattijon Farin Gada ya ba da shawarar in dole ne a yi Asabar da safe maimakon yamma, wani ya ce Asabar da safe ma akwai Islamiyya, wata ta ce ita ranar ce 'yarta ke wanki. Da na dawo na ba yayata labari, sai na kira yarinyar na ce ta kawo min taimtebul ɗinta da littattafanta, muka bi ranar Alhamis darasi bayan darasi. Takwas ne a rubuce. Ta ce malamai biyar ne suka shigo, ɗaya daga ciki not ya bayar ya fita, na fiziks kuma tun da aka dawo hutu ba a samu wanda zai maye gurbin wanda ya tafi ba. Na tambaye ta ko tana son a riƙa tashi ƙarfe huɗu, ta ce ita dai Kawu in za a kawo malamin fiziks ko ƙarfe biyar ne za ta zauna, amma a faɗa wa Mama ta riƙa zuba mata abinci a kula.